A Auna Ruwa Kafin A Sayi Famfo: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Duwala

 

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar famfon jan ruwa mai aiki da hasken rana, wanda aka fi sani da famfon sola. A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya ratsa shagunan Akwa ko na kewayen babbar kasuwa bai ga farantan sola a jingine ba, waɗanda mu a nan muke kira pano. Da yawa daga cikinmu sun saya sun aika gida, wasu sun dace, wasu kuwa kuɗinsu ya bi ruwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu yi wa juna bayani, domin shawara ɗaya ce muka zo da ita: kada kowa ya fara da shago. A fara da garke da rijiya, a auna su, sannan a je shago da takarda a hannu.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu ba ɓoyayye ba ne. Tun da layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, shanun Adamawa suke gangarowa Duwala, wasu ta jirgin ƙasa, wasu ta manyan motoci. Sa yakan kwana biyu ko uku a hanya, ya sauka a Bonendale, inda mayankar SODEPA take, da ƙishirwa da gajiya. In bai sami ruwa isasshe ba kafin ranar ciniki, cikinsa ya faɗa, idonsa ya zurma, dillali ya san abin da zai biyo baya a farashi. Ban da wannan, akasarinmu da ke zaune a birnin nan muna da garke a hannun ƙanne ko 'ya'ya ko makiyayan haya a wajen Tibati, Banyo, Meiganga, Garwa ko Marwa. Kowace rani mu ake yi wa waya a ce rijiya ta ja baya, ko man inji ya ƙare. A watan Fabrairu na 2024 aka mai da litar fetur sefa 840, ta gazuwal kuma sefa 828. Injin da yake shan lita 3 ta fetur kullum, a wannan farashi, yana cin sefa 2,520 a yini, wato fiye da sefa 900,000 a shekara, ban da man giya da gyara. Farashin pano kuwa ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Wannan ne ya sa hankalin kowa ya koma kan sola.

Kada kuma a ɗauka sabon abu ne da ba a gwada ba. Tun a ƙarshen shekarun 1970 aka fara kafa irin waɗannan famfuna a yankin San na ƙasar Mali, a ƙarƙashin shirin Mali Aqua Viva na Fada Bernard Verspieren. A shekarun 1990 kuma ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, da kuɗin Tarayyar Turai, ta kafa fiye da 600 a ƙasashenta, har da Nijar da Cadi. Abin da aka koya daga nan shi ne, pano ba ya saurin mutuwa. Abin da yake kashe aikin shi ne kuskuren awo tun farko, da rashin mai gyara, da rashin sanin wanda ke da alhakin kula da shi.

To, awo na farko shi ne ruwan da ake bukata a yini. Saniya babba takan sha lita 25 zuwa 30 a lokacin sanyi, a tsakiyar bazara kuwa ta kai 40, mai shayarwa ma ta wuce haka. Tunkiya ko akuya lita 5 ta ishe ta. Mutum ɗaya a ƙalla a ware masa lita 20 don sha da girki da wanka. A yi lissafi da watan da ya fi tsanani, ba da watan da ake jin daɗi ba. Misali, mai shanu 200 yana bukatar lita 8,000. In aka ƙara lita 2,000 don mutanen ruga da ƙananan dabbobi, ya zama lita 10,000 a yini, wato duro 50 ke nan. Ku riƙe wannan adadi, da shi za mu ci gaba.

Awo na biyu shi ne abin da rijiyar kanta za ta iya bayarwa. Nan ne aka fi yin asara. Famfo ba ya haifar da ruwa, abin da ya tarar shi yake ɗagowa. Famfon sola yana aiki sosai na wajen awa 6 ne a yini, saboda haka mai son lita 10,000 sai rijiyarsa ta iya ba da kusan lita 2,000 a awa da tsakar rana. Alhali kuwa rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj, in don famfon hannu aka haƙa ta, ko lita 700 zuwa 1,000 take bayarwa a awa akan karɓe ta a ce ta yi. A ƙasar dutse irin ta Adamawa ire-irenta suna da yawa. In aka zura mata babban famfo, cikin ɗan lokaci ya tsotse ta, ya riƙa juyawa a bushe har ya ƙone. Don haka kafin komai a nemi takardar gwajin rijiya daga wanda ya haƙa ta. In babu, a biya a sake gwaji: a ja ruwa na awoyi masu yawa ba tsayawa, a rubuta lita nawa take bayarwa da kuma yadda ruwan yake sauka. A yi wannan gwaji a ƙarshen rani, wajen Maris ko Afrilu, ba a Satumba ba lokacin da kowane rami yake cike. A kuma auna faɗin bututun rijiyar, don famfo mai inci 4 ba ya shiga ƙaramin bututu.

Awo na uku shi ne tsawon da za a ɗaga ruwan. Mutane sukan ce rijiyarsu mita 60 ce, su sayi famfo a kan haka. Zurfin rami daban, inda ruwa yake tsayawa daban. Abubuwa huɗu ake haɗawa: nisan ruwa daga bakin rijiya kafin a fara ja, da yadda yake ƙara sauka in ana ja, da tsawon hasumiyar tanki, da ƙarfin da yake ɓacewa a cikin bututu. Misali ruwa yana mita 22, in ana ja ya sauka da mita 8, tanki yana sama da mita 6, bututu ya ci kwatankwacin mita 4. Jimla mita 40 ke nan.

Awo na huɗu shi ne ranar wurin da za a kafa famfon. Ranar Duwala ba ranar Garwa ba ce. A arewa ana samun ƙarfin rana na awa 5 zuwa 6 a yini kusan duk shekara, kuma Allah da ikonSa lokacin da dabbobi suka fi bukatar ruwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Nan bakin teku kuwa ruwan sama yakan doshi milimita 4,000 a shekara, a Yuli da Agusta sai a yi kwanaki ba a ga rana ba, ƙarfinta yakan sauka zuwa awa 3 da rabi ko ƙasa da haka. Mai shingen ajiye shanu a Bonaberi yana bukatar ruwa damina da rani, saboda haka da Agusta zai yi lissafi.

Ga wata hanya mai sauƙi da za ku gwada maganar mai shago da ita. A ɗauki dubban litar da ake so, a ninka da mitocin ɗagawa, a sake ninkawa da 7, sannan a raba da awoyin rana. Abin da ya fito shi ne kimanin wat na pano da ake bukata. Wannan 7 ɗin ya ƙunshi ƙarfin da yake ɓacewa a inji da waya da zafi da ƙura. A misalinmu, 10 sau 40 sau 7 ya ba da 2,800. A wajen Garwa, in aka raba da 5, wat 560 ke nan. A Duwala, in aka raba da 3 da rabi, wat 800. Garke ɗaya, zurfi ɗaya, amma pano ya bambanta. Wannan lissafi ba ya maye gurbin na ma'aikaci ƙwararre, amma in wani ya ce pano guda mai wat 200 zai shayar da shanu 200 daga mita 40, kun san inda maganarsa ta tsaya.

Yanzu sai irin famfon. Mai nutsewa cikin rijiya iri biyu ne. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe da yake juyawa a cikin roba yana tura ruwa sama. Wannan ya dace da rijiya mai zurfi da ruwa matsakaici, yana kuma fara aiki tun da hantsi ko da rana ba ta yi ƙarfi ba, sai dai yashi yana cinye robar. Akwai kuma mai jerin farfela, wanda ya fi ba da ruwa mai yawa in zurfin bai yi tsanani ba, amma sai rana ta ɗaga yake kankama. Sunayen da suka yi fice su ne Lorentz na Jamus da Grundfos na Danmak, akwai kuma na Indiya da na Sin masu yawa, a cikinsu akwai nagari akwai na banza. Ba mu zo tallar kowa ba. Abin da za ku nema shi ne takardar da kowane famfo na kirki yake zuwa da ita, mai nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsawo. Abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali yaudara ne ga wanda bai sani ba, domin mafi yawan ruwan da aka ambata a bakin ƙasa ake samunsa, mafi tsawon da aka ambata kuwa a can ruwan ɗigo yake yi. Ba a samun su biyun a lokaci guda.

Akwai 'yan'uwanmu da gidajensu ko rugagensu suke bakin tafki, kamar Lagdo da aka datse a kan Binuwai a 1982, ko Maga da aka gina a 1979, ko Mbakau kusa da Tibati. Su ba zurfi ne matsalarsu ba, nisa ne da ja-da-bayan ruwa. Famfon da ake ajiyewa a tudu ba ya iya zuƙo ruwa daga ƙasa da mita 6 ko 7, komai ƙarfinsa, domin nauyin iska ne yake tura ruwan cikin bututu, shi kuwa yana da iyaka. Turawa gaba ce ba ta ba shi wahala. Don haka a sa famfon kusa da ruwa, tankin ya yi nisa in ya so. A tambayi masunta da dattawan wurin inda bakin ruwa yake komawa a watan Afrilu da inda yake kaiwa a Satumba, kada a kafa pano inda ambaliya za ta ci, kada kuma bututu ya ƙare a kan busasshiyar laka. A ɗaure bakin bututun da abin da zai sa ya yi iyo, ya zauna ƙasa da saman ruwa kaɗan, nesa da taɓo, a sa masa rariya da murfin da yake hana ruwa komawa. In ƙasar bakin tafkin yashi ce, abin da ya fi shi ne a haƙa gajeriyar rijiya a gefe a sa mata kwalbati, ruwan ya riƙa tsatsowa ta cikin yashi a tace. In tafiyar bututu ta kai ɗaruruwan mitoci, kada a yi rowar faɗinsa, domin in aka ninka faɗin bututu sau biyu, ƙarfin da yake ɓacewa a cikinsa ba ya kai kashi 1 cikin 20 na da.

Ribar janyo ruwan tafki zuwa kwami ta wuce hutu. Tsutsar hanta, wadda take sa likitan dabbobi ya ƙwace hanta a mayanka, a jikin ƙananan katantanwa na bakin ruwa take girma, dabba kuma ta kwashe ta a ciyawar gaɓa. Shanun da suke sha a kwami sun rage zama a wannan wuri, sun rage faɗawa taɓo, sun kuma rage ratsa gonakin shinkafa da lambunan mutane. Yaranmu masu kora su ma sun rage shiga ruwan da ake ɗaukar tsargiya. Amma a sani, famfo ba ya tsarkake ruwa. Ruwan tafki in mutum zai sha, sai an tafasa ko an sa masa magani.

Wannan gargaɗi ya shafi masu son kafawa a cikin gari. A New Bell ruwa yana kusa, mita kaɗan ka tarar da shi, amma masai ma yana kusa. Ba mu manta da kwalarar 2004 ba, wadda ta kama dubban mutane a birnin nan, kuma gajerun rijiyoyi suna cikin abin da ya yaɗa ta. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bayarwa ita ce mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da yake da wuya a unguwanninmu. Saboda haka a haƙa mai zurfi, a toshe samanta da siminti, a kai ruwan a gwada. Kusa da kogin Wuri kuma a bincika gishiri da tsatsa, don ruwan gishiri yana cin ƙarfen famfo, dabbobi ma ba sa son sa.

Wani abin da muke roƙo ku kiyaye shi ne batir. Masu shago suna son haɗa ku da shi, alhali shi ne ya fi saurin mutuwa a cikin kayan, shi ne kuma ɓarawo ya fi so. Ku tara ruwa a tanki maimakon ku tara wuta a batir. Tanki mai ɗaukar ruwan kwana 2 a arewa, ko na kwana 3 a nan kudu, ya isa ya raba ku da fargabar hadari. Kuɗin batir a sa shi a tanki da dogon kwami, yadda shanu za su sha ba turereniya.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a so a bari. Na'urar da take kashe famfo in ruwan rijiya ya ƙare, da wadda take tsayar da shi in tanki ya cika. Sandar ƙarfe da ake binnewa don tsawa, domin aradu ɗaya tana ƙona akwatin sarrafa wutar. Pano ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi da digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke shi, kada inuwar bishiya ko ta tanki ta taɓa shi. Da hunturu a riƙa goge ƙura da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya yi zafi. A kewaye shi da shinge mai ƙarfi, don sa in ya sami wurin susa ba ya tambayar kuɗinsa. A walda firam ɗin, a rubuta lambar kowane pano a ajiye.

Kafin ku biya, ku yi wa mai sayarwa tambaya huɗu. Lita nawa wannan famfo zai ba ni a yini a tsawon mita kaza, a wata kaza, kuma za ka rubuta ka sa hannu? Garanti na shekara nawa ne, wa zai cika shi? In ya lalace a Tibati ko Maga, wa zai je, kuma ina ake samun kayan gyara? Za ka yarda a riƙe wani kaso na kuɗin sai an auna ruwan da duro an ga ya cika alkawari? Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, shi ne abokin ciniki. Araha ba ta ado, kayan da ba su da mai gyara kuwa ko kyauta aka ba ka sun yi tsada.

Saura magana ta ƙarshe, wadda ta fi injin nauyi, wato ƙasa da haƙƙi. Yawancin wuraren kiwonmu, a ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1974, filin gwamnati ne da ba a yi wa kowa rajista ba. Mutum zai iya kashe miliyoyi ya kafa famfo, bayan shekara biyu wani ya zo da takarda, ko gonaki su kewaye mashayar su toshe burtali. Saboda haka kafin a haƙa, a zauna da lamiɗo ko sarkin gari da arɗo da manoman wurin, a rubuta yarjejeniya, a kai ta gaban sufurefe, wanda dokar 1978 ta ɗora wa shugabancin kwamitin sasanta manoma da makiyaya. A sa hanyar shiga da fita ta dabbobi a cikin takardar. Wanda kuma yake da niyyar sayar da ruwan, ya tuntuɓi ofishin ma'aikatar ruwa, don dokar ruwa ta 1998 ta nemi izini ga mai ɗibar ruwa don kasuwanci.

A kuma tuna cewa ruwa yana kiran garke. Manyan rijiyoyin da aka haƙa a Ferlo ta Senegal da arewacin Nijar a shekarun 1950 da 1960 sun shayar da dabbobi, amma inda aka bar su ba mai tsari, garkuna sun taru har ciyawar kewaye ta ƙare. Famfon da ya fi ƙarfin makiyayar da ke kewaye da shi ba alheri ba ne. In na haɗin gwiwa ne, tun ran gini ran zane: a naɗa masu kula, a yanka abin da kowane kai zai biya, a san yadda za a karɓi baƙo mai wucewa, a riƙa ajiye kuɗin a asusu. Rana kyauta ce, amma famfo yana tsufa, kuma ranar da ya tsaya ba ranar fara karo-karo ba ce.

Muna roƙon duk wanda yake da niyyar saye a bana ya fara aika wa mutanensa su ƙirga dabbobi, su auna rijiya da igiya kafin ruwan farko ya sauka, su rubuto masa. Wanda ya sami adadinsa, ya nemi wanda ya iya lissafi a cikinmu su duba tare kafin ya shiga kasuwa. Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.